Ƙidayar Jemagu Kafin Zuwan Injin Iska

An shirya wannan bayani ne domin hakimai da malamansu, musamman na ƙasar Wudil da kewayenta, a kan wani aiki wanda bai saba shiga littattafan ofishin hakimi ba, watau ƙidayar jemagu. Mai yiwuwa ne wanda ya ji haka ya yi murmushi, ya ce lalle an rasa abin ƙirgawa. To, ga dalilin. Ƙasashen Afirka sun tasam ma samun wutar lantarki daga iska, arewacin Nijeriya kuwa yana cikin sassan da iska ta fi ƙarfi a ƙasar. An kuma tabbatar a wasu ƙasashe cewa injin iska yana kashe jemagu da yawa, tun ba masu ƙaura ba. Har yanzu ba a kafa tashar irin wannan inji a Ɗankaza ko a sauran garuruwan Wudil ba, kuma wannan ne ya sa yanzu ne lokacin ƙidaya. Makiyayin da bai san yawan garkensa da safe ba, in ya komo da yamma ya ce kura ta yi masa ɓarna, ba alkalin da zai saurare shi.

Jemagu iri biyu

Jemage ba tsuntsu ba ne, dabba ce mai shayarwa. Uwar takan haifi ɗa guda, ta manna shi a ƙirji tana tashi da shi har ya yi ƙwari. Akwai irinsu fiye da 1,400 a duniya, kimanin 100 daga ciki ana samunsu a Nijeriya, amma malamin hakimi ba ya bukatar sanin sunayensu. Ya isa ya raba su gida biyu.

Gida na farko su ne ƙanana masu cin ƙwari, waɗanda ke kwana a ƙarƙashin rufin kwano, da tsofaffin soraye, da kogon kuka. Da magariba ake ganinsu suna shawagi bisa kogi da fadama suna kamun ƙwarin dare, har da waɗanda tsutsarsu ke ɓata amfanin gona. Waɗannan da kunne suke tafiya cikin duhu. Sukan yi wata siririyar ƙara wadda kunnen ɗan Adam ba ya ji, ta bugi abin da ke gabansu ta komo musu, da haka suke sanin inda bango yake da inda ƙwaro yake.

Gida na biyu su ne manya masu cin 'ya'yan itace da shan zaƙin fure, masu fuska kamar ta ɗan kwikwiyo da manyan idanu. Waɗannan da ido da hanci suke neman abinci. A kansu ne ake cewa jemage ta baki yake kashi. Ba haka ba ne. Tauna ɗan itace yake yi, ya tsotse ruwan, ya furzar da tuƙar, wanda ya ga tuƙar a gindin itace da safe sai ya zaci kashi ne. Cikin manyan nan akwai mazauna gida, waɗanda ke kwana kaɗan-kaɗan a cikin duhuwar mangwaro ko darbejiya, suna da ɗan farin gashi a gindin kunne, namijinsu kuwa shi ke yin kukan nan na dare mai kama da bugun ƙarfe. Sa'an nan akwai matafiyi, wanda masana ke kira Eidolon helvum. Gashin wuyansa da bayansa launin busasshen kara ne, fikafikansa baƙaƙe ne dogaye, in ya buɗe su sukan kai kusan ƙafa 2 da rabi. Ba ya ɓuya. Dubbai suke sauka a kan dogayen itatuwa a fili, har reshe ya karye don nauyinsu, su wuni suna hayaniya.

Masu cin damina

Mutumin Arewa kan tafi cin rani kudu in an gama kaka. Matafiyin jemage kuwa akasin haka yake yi. Da rani yana kurmi, in ruwa ya fara sauka sai ya biyo shi arewa, yana bin itatuwan da ke fure da masu nuna, in damina ta ja baya shi ma ya juya. Wani masani mai suna Donald Thomas shi ya bayyana wannan a 1983, bayan binciken da ya yi a ƙasar Kwaddibuwa, inda ya nuna iri 3 na jemagun Afirka ta Yamma suna barin kurmi da damina su hau zuwa ƙasashen ciyawa. Abin da ake gani a birane ya yi daidai da maganarsa. A Akara, babban birnin Gana, jemagun da ke sauka a itatuwan wajen asibitin soja sun fi yawa da rani, da damina sai su ragu ƙwarai. A Wagadugu ta Burkina Faso kuwa da damina suke cika gari.

Nisan da suke tafiya ya wuce abin da ake zato. A gandun dajin Kasanka na ƙasar Zambiya, miliyoyinsu kan taru kowace shekara daga Oktoba zuwa Disamba a cikin wani ɗan kurmi. An ɗaura wa kaɗan daga cikinsu na'urar da tauraron ɗan Adam ke bin sawunta, sai rahoton da ya fito a 2008 ya nuna ɗaya ya ci fiye da kilomita 2,500 cikin wata 5. Ko a dare guda ma ba su da ƙyuya. Binciken da aka yi a Gana, wanda aka buga a 2016, ya nuna suna iya ɗaukar ƙwayar ɗan itace a cikinsu su kai ta nisan kilomita 75 kafin su zubar. Tsakanin Wudil da birnin Kano kimanin kilomita 40 ne, saboda haka jemagen da ya ci ɓaure a bakin kogin Wudil yana iya shuka shi can bayan Kano kafin asuba.

Abin lura ga hakimi a nan shi ne, dabba mai irin wannan tafiya ba ta gari ɗaya ba ce. In an hallaka ta a kan hanya, waɗanda za su rasa ta suna can nesa, ba kuwa za su san dalili ba. Saboda haka ne aka sa wannan jemage cikin jerin dabbobin da yarjejeniyar Bon ta 1979 ta ce ƙasashe su haɗa kai wajen tsare su, Nijeriya kuwa tana cikin yarjejeniyar. Masu lura da halittu na duniya sun kuma lissafa shi cikin waɗanda suka kusa shiga haɗari, sabili da farauta da sare itatuwan da yake kwana. Masana da masu sa kai a ƙasashe da dama suna ƙirga shi wata-wata; a 2022 aka haɗa lissafin wurare 17 na Afirka, aka ga zuwansa yana tafiya tare da fitowar ɗanyen ganye. Aikin da ake nema daga malamin hakimi irin wannan ne, ba wani abu dabam ba.

Daga jemage zuwa tukunyar miya

Duk wanda ya ratsa gonakin ƙasar Kano ya san ba a share su ƙwal. Manomi kan bar ɗorawa, da kuka, da tsamiya, da kanya, da ɗinya, da rimi a bakin gari, kowanne da amfaninsa, har akan raba su a gado. Uku daga cikin waɗannan, watau ɗorawa da kuka da rimi, da dare furensu yake buɗewa. Wanda ya dubi tuntun ɗorawa da rani zai ga yana reto a kan dogon sili, ya fita daga cikin ganye, inda mai fiffike zai kama shi ba tare da ya sarƙe ba. Jemage kan zo ya rungume tuntun yana lasar zaƙinsa, garin furen ya manne masa a ƙirji da fuska, ya tashi ya kai shi wata ɗorawa. Ta haka ake barbara, kuma sai da barbara ake samun 'ya'ya. Wasu masana biyu, Baker da Harris, sun ga wannan da idonsu a Gana, suka rubuta na ɗorawa a 1957, na rimi a 1959.

Gaskiya ce ba jemage kaɗai ke wannan aiki ba. Ƙudan zuma ma yana yi da sassafe da kuma yamma, binciken da aka yi a Burkina Faso ya nuna ɗorawa tana yin 'ya'ya ta hanyarsa ko inda jemagu suka yi ƙaranci. Amma zuma ba ta nisa, jemage kuwa shi ke haɗa itacen wannan gari da na wancan. Matar da ke dafa kalwa ta yi daddawa, da mai kai ta kasuwar Wudil ran Juma'a, da magini mai neman makuba, duk suna cin moriyar aikin da aka yi suna barci.

Masu lambu suna da ƙorafi, kuma ƙorafinsu na gaskiya ne: jemage yana cin mangwaro da gwaba. Sai dai nunanne ya fi so, wanda ya riga ya yi laushi, saboda haka mai tsinke nasa da zarar ya ƙosa ba ya yin babbar hasara.

Akwai abu guda kuma da ya kamata a riƙe. Ɓera kan haifi 'ya'ya da yawa sau da dama a shekara, in an kashe ɗari, kafin a juya sun cika rumbu. Matafiyin jemage ɗa guda yake haifa a shekara, yana kuma iya yin shekara 15 a duniya. Lissafinsa irin na shanu ne, ba irin na kaji ba. Garken da ke haihuwa ɗaya-ɗaya, in ana zare masa iyaye kowace shekara, ba ya nuna rauni da wuri, sai an wayi gari an ga ya ƙare.

Injin iska da abin da aka gani a wasu ƙasashe

Injin iska doguwar hasumiyar ƙarfe ce da farfela a kanta. Iska ta juya farfela, farfela ta juya injin da ke ba da wuta. Ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, kuma ƙasar da ke fama da ƙarancin lantarki ba za ta raina shi ba. Wanda aka fi sani a Arewa shi ne na Lambar Rimi, kimanin kilomita 25 kudu da birnin Katsina, aikin da aka faro tun Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamnan jihar, daga baya Gwamnatin Tarayya ta karɓa. An tsara shi da inji 37 na kamfanin Vergnet na Faransa, kowanne a kan hasumiya mai tsawon mita 55, jimlar ƙarfinsu megawat 10. Waɗannan ƙanana ne in an gwada da na zamani. Tashar Taiba Njai ta ƙasar Senegal, wadda aka buɗe a 2020, tana da inji 46 masu ba da kusan megawat 159, faɗin da'irar farfelar kowanne mita 126 ne, watau ya fi tsawon filin ƙwallo. In mutum ya hango irin wannan farfela daga nesa sai ya ga kamar a hankali take juyawa, alhali bakinta yana iya gudun fiye da kilomita 250 cikin awa guda.

A Amurka aka fara farga sosai. A 2003, a wata tasha mai inji 44 da ke kan duwatsun jihar Bajiniya ta Yamma, masu neman gawar tsuntsaye suka riƙa tsintar ta jemagu, har aka ƙiyasta tsakanin 1,400 da 4,000 ne suka mutu a shekarar. Daga baya wani lissafi ya nuna fiye da 600,000 suka mutu a tashoshin iska na Amurka a 2012 kaɗai. A Jamus an ƙiyasta fiye da 250,000 a shekara inda ba a ɗauki mataki ba, da aka auna gashin gawarwakin kuwa sai aka tarar wasunsu baƙi ne, daga Rasha da ƙasashen arewacin Turai suka taso. A duka wuraren nan masu ƙaura ne suka fi mutuwa, kuma a watannin ƙaurarsu.

Da fari an zaci canjin nauyin iska a kusa da farfela ne ke fasa musu huhu, kamar yadda wani bincike na Kanada ya faɗa a 2008. Binciken da ya biyo baya ya nuna mafi yawansu farfelar ce ke bugunsu. Abin mamaki shi ne ba tsautsayi kaɗai ke kai su ba. An ɗauki hotonsu da dare, aka ga suna zuwa da kansu suna kewaya hasumiyar, sai ka ce sun ɗauke ta wani dogon itace ne.

Jemagun Amurka da Jamus da aka ambata duk ƙanana ne masu cin ƙwari. Amma a Afirka ta Kudu, inda ake binciken gindin injuna a kai a kai, an tsinci ƙananan nan masu kwana a rufin gidaje, waɗanda ke tashi can sama a sarari, an kuma tsinci manya masu cin 'ya'yan itace, aka ba da rahotonsu a 2016. Ashe babba da ƙarami ba wanda ya tsira.

Da yake an san lokacin da ɓarnar ke aukuwa, an sami magani mai sauƙi. Jemagu sun fi tashi a daren da iska ba ta da ƙarfi, wanda kuwa shi ne daren da inji ba ya ba da wutar kirki. A jihar Fensilbaniya aka gwada hana farfela juyawa da dare sai iska ta kai gudun mita 5 zuwa 6 da rabi a daƙiƙa. Rahoton 2011 ya nuna mutuwar jemagu ta ragu da kashi 44 zuwa 93 cikin 100, wutar da aka rasa a shekara kuwa ba ta wuce kashi 1 cikin 100 ba. Amma fa ba kamfanin da zai tsai da injinsa shekara duka. Zai tambaya: a wane wata, a wane wuri? Littafin malamin hakimi ne zai ba da amsa.

Yadda ake ƙidaya

Malaman hakimai na dā sun san ƙirga abu mai tafiya. Kafin Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979, malamin jangali ba da rani yake bin rugage ba, sai da damina, sa'ad da shanu suka komo, kuma a lokaci guda kowace shekara, don lissafin bana ya yi magana da na bara. Ƙa'idar ke nan a nan ma.

Da farko hakimi ya umurci dagatai, su kuma su umurci masu unguwanni, kowa ya kawo labarin inda jemagu ke kwana a ƙasarsa: itatuwa, da gine-gine, da koguna. A Ɗankaza, dagaci ya tara dattawa, da mafarauta, da masu lambu, da waɗanda ke kwana a gona, a tambaye su ko manyan nan masu launin kara suna sauka, ko wucewa kawai suke yi da magariba, a wane lokaci, da kuma ko akwai itatuwan da suke sauka a dā waɗanda aka sare. Haka za a yi a Darki, da Utai, da Lajawa, da Indabo, da Acika, da sauran garuruwa, a kuma nemi masunta na bakin kogi, gama su ke farke a lokacin da jemagu ke zuwa shan ruwa. Duk abin da aka ji a rubuta shi a shafi dabam. Jiyau da ganau ba sa zama shafi ɗaya.

Sa'an nan a tsai da rana guda a kowane wata, misali Asabar ta farko, a riƙa ƙidaya a cikinta da hantsi, lokacin da jemagu suka natsu. Lalle ne a yi amfani da watan Turawa a wannan littafi, ko da an rubuta na Musulunci a gefe, domin watan Musulunci yana matsowa da kwana 11 kowace shekara, jemage kuwa damina yake bi.

Ba mai iya ƙirga dubbai ɗaya-ɗaya, ba a kuwa nemi haka ba. Malami ya fara ƙirga itatuwan da jemagu ke kai, ya raba su kashi biyu ko uku bisa ga cikarsu. Daga kowane kashi ya zaɓi itace 2 ko 3, ya ƙirga jemagun curi guda, ya ƙirga curin da ke reshe, ya ƙirga rassan, ya fitar da abin da itacen ke ɗauke da shi. Alal misali, in itatuwa 6 sun cika, kowanne da kimanin 500, wannan 3,000 ke nan. In wasu 14 suna da kimanin 150 kowanne, wannan 2,100. Sai ya rubuta kimanin 5,000. Kada ya rubuta 5,100 don a ce ya ƙware, gama lissafin ƙiyasi ne. Ya fi kyau mutum biyu su yi, kowa ya ƙirga nasa ba tare da ya ji na ɗan'uwansa ba, a rubuta duka biyun. In ya yiwu su ne za su ci gaba da yi kowane wata, domin ko idonsu yana ƙari ko ragi, kuskuren zai zama iri ɗaya, hawa da saukar lissafin kuwa zai fito daidai. Kada a bar yara su yi jifa ko su buga gwangwani don jemagu su tashi a gani. In sun tashi ƙidaya ta ɓaci.

Watan da aka je ba a tarar da ko ɗaya ba, tilas ne a rubuta babu. Nan ne malamai suka fi yin sakaci, suna ganin ba abin rubutawa. Alhali shafin da aka bari fari ba ya nuna ko jemagu ne ba su zo ba ko malami ne bai je ba, wanda aka rubuta babu kuwa shi ke nuna watannin da inji zai yi ta juyawa ba da damuwa ba.

Da yammacin ranar a koma a ga fitarsu. A tsaya daga nesa inda sararin sama yake a buɗe, a rubuta lokacin da na farko suka tashi, da lokacin da suka ƙare, da sunan garin ko fadamar da suka dosa, da ko suna bin kogi ne ko suna ƙetare tudu. Wannan ya fi yawansu muhimmanci ga mai kafa inji, domin hanyar da suke bi kowane dare ita ce inda bai kamata a kafa farfela ba. Tun da yake fitar tana faɗawa daidai da sallar magariba, mutum biyun nan sai su yi karɓa-karɓa.

A ƙarshen shafin kowane wata a ƙara abin da ke fure da abin da ke nuna, ko ɗorawa, ko kuka, ko cediya, ko darbejiya, da ranar ruwan fari da ta ruwan ƙarshe, da ko an sare wani itacen kwana, da ko an yi farautarsu. Ƙananan jemagu kuwa ba sa ƙirguwa a kan itace. Abin da malami zai iya shi ne ya tsaya a bakin ginin da suke kwana ya ƙirga masu fita. Sauran aikin na masu na'urar sauraron ƙararsu ne, kuma ga jami'ar kimiyya da fasaha nan a Wudil, wadda aka kafa a 2001, aka sa mata sunan Aliko Ɗangote a 2022. Hakimi yana iya neman malamanta na sashen halittu su duba littafin, su kuma taimaka da gane iri.

Lissafin wata 2 ko 3 ba ya gaya wa kowa kome. Sai an zagaya shekara cur, in an sami 2 ko 3 a jere ya fi, gama damina ba ta zuwa iri ɗaya.

In kamfani ya zo neman fili

Doka mai lamba 86 ta 1992 ta wajabta a binciki abin da babban aiki zai jawo wa muhalli kafin a fara shi, a kuma baje rahoton don jama'a su gani su yi magana. Masu binciken galibi baƙi ne, sukan zo su yi 'yan kwanaki su koma. In sun zo a watan Fabrairu suka duba itatuwa ba su ga kome ba, sai su rubuta babu jemagu, ba kuwa ƙarya suka yi ba. Hakimin da ke da littafin shekara 2 shi zai iya buɗe shafin Yuli ko Agusta ya nuna musu abin da ba su tarar ba.

Ba a nufin hakimi ya hana aiki. Talakawansa suna bukatar wuta, masu injin niƙa da masu walda da asibiti duk jiranta suke yi. Abin da ya kamace shi shi ne ya yi tambaya tun ba a haƙa rami ba. A Afirka ta Kudu ƙa'ida ita ce a saurari jemagu wata 12 kafin a gina tasha. Ya tambaya ko za a yi haka a nan. Ƙa'idar ƙasashen Turai ta ce a nisanta inji da bakin kurmi aƙalla mita 200. Ya tambayi nisan da za a bari tsakanin inji da itatuwan kwana, da kogi, da lambuna. Ya nemi a rubuta cikin yarjejeniya cewa za a tsai da farfela a daren da iska ta yi sanyi cikin watannin da littafi ya nuna, a kuma riƙa duba gindin injuna da sassafe, kafin karnuka da kuliyoyi da tururuwa su kwashe abin da ya faɗi, a ba ofishinsa lissafin. Alkawarin baki a irin wannan sha'ani ba ya wuce ranar buɗe tasha.

Tsare lafiya da ajiye littafi

Kada kowa ya taɓa jemage da hannu, rayayye ko matacce. A 1956 aka fara gano wata ƙwayar cuta 'yar'uwar ta haukan kare a jikin matafiyin jemage a tsibirin Ikko, har aka sa mata sunan garin. Wanda jemage ya ciza ko ya yakusa ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Gawa kuwa da shebur ake ɗauka a binne, in an ga sun mutu da yawa a wuri guda a sanar da likitan dabbobi. A kuma gargaɗi yara kada su ci ragowar ɗan itacen da jemage ya tauna.

Littafin ya zama mai bango mai ƙarfi, a rubuta sunan gari da shekara a bayansa, kowane wata dagaci ya sa hannu, hakimi ya duba. A ƙarshen shekara malami ya kwafe shi sau biyu, a aika ɗaya sashen gona da gandun daji na ƙaramar hukuma, ɗaya kuma fadar sarki tare da sauran takardun shekara. In malami yana da waya mai ɗaukar hoto, ya ɗauki kowane shafi da kuma itatuwan, daga wuri guda kowane wata. Na asalin a sa shi cikin akwatin ƙarfe, a ɗora akwatin bisa dutse ko benci, nesa da bango, saboda gara.